Ranar da Auta Ta Naɗe Hannu

Sau uku Mai Tabarau yana neman izinin turo manyansa gidan su Auta, sau uku Yaya yana ɓullo da sabon dalili.

A karon farko ya ce a dakata a yi bincike. A na biyu ya ce binciken bai kammala ba. A na uku ne ya yi abin da Auta ta kasa haɗiyewa. Ya tashi takanas ya sami Baffa, ƙanin mahaifinsu da ke riƙe da ragamar gidan tun bayan rasuwar uban, ya ce ya ji ƙishin-ƙishin wai mutumin nan ba shi da takardar komai, gilashi kawai yake liƙa wa mutane a fuska yana kiran kansa mai gwajin ido, har akwai waɗanda ya lalata wa gani.

Baffa ba mai son hayaniya ba ne. Sai ya aika aka kira bawan Allahn, ya ce ya zo da takardunsa.

Ya zo kuwa. Ya zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ya buɗe jaka yana miƙa su ɗaya bayan ɗaya. Baffa yana karɓa yana karantawa da tabarau ɗin da shi wannan mutumin ya yanka masa wata huɗu da suka wuce. Auta tana bayan ƙofa tana kallo ta ɗan tsagin ƙyaure, ta cije leɓe har sai da ta ji ɗanɗanon jini.

Takardu dai babu abin kushewa a cikinsu. Amma Mai Tabarau yana fita, Yaya ya taɓe baki ya ce a zamanin nan wace takarda ce ba a bugawa a shagon kwamfuta. Daga nan ya zarce da zancen da ya daɗe yana zagayawa: ga Dogo nan mai jita, ɗan gida, shekara bakwai suna tare a ƙungiyar kiɗa, an san halinsa, kuma ya daɗe yana son yarinyar nan, me zai sa a ɗauke ta a ba baƙo?

A nan Auta ta turo ƙofa ta shigo.

Shekararta ashirin da takwas, kuma ba ta taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Baffa, ba takarda ce ta dame shi ba. Akwati ne."

Duk wanda ke falon ya san akwatin da take nufi. Yaya mawaƙi ne, ana gayyatarsa gari-gari, mutum goma sha ɗaya ke ci a ƙarƙashinsa. Kiɗan da yake hawa kuwa, rabinsa daga wata na'ura yake fitowa, wadda girmanta bai wuce faranti ba, mai maɓallan roba goma sha shida, huɗu-huɗu a jere. A cikinta ake zuba guntayen kiɗa da aka ɗauka tun da farko, kowane guntu idan aka danna shi ya yi ta juyawa yana maimaita kansa har a tsayar da shi. 'Yan ƙungiya suna kiran guntun nan zagaye. Shekara tara ke nan Auta ce ke bayan akwatin, ita ke shigar da wannan zagaye ta fitar da wancan yayin da Yaya ke gaba yana karɓar tafi.

Asibitin idon da Mai Tabarau ke aiki kuma sun riga sun sanar da shi za su mayar da shi reshensu na wani gari, tafiyar awa biyar. Duk wadda ta aure shi, can za ta bi shi.

Yaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ce ita dai tana ganin kanta da yawa, akwatin da duk mai yatsa zai iya dannawa. Shi ba aure yake hanawa ba, amma ba a barin aiki a tsakiyar hanya. Ta miƙa wa wani tukuna. Ranar da ƙungiya ta yi wasa cikakke ba tare da hannunta ba, to Mai Tabarau ya turo duk wanda zai turo.

Baffa, da dama neman mafita yake, ya kama maganar ya ɗaure ta. Akwai babban wasa ƙarshen watan gobe a zauren taro, da ƙarfe huɗu na yamma, har gidan rediyo zai watsa kai tsaye. Ya ce shi da kansa zai je ya zauna a layin gaba.

Da aka tambayi wanda za a miƙa wa akwatin, Yaya bai ko yi tunani ba ya ce Dogo.

Auta ta dubi Yaya. Wato mutumin da zai rasa ta idan ya iya aikin, shi aka zaɓa ya koya. Ta juya ta fita.

Ɗakin gwajinsu yana saman wani shagon sayar da tayoyi. An liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sauti ya dami maƙwabta, fanka ɗaya ce a sama, ita ma sai an tura ta da sanda take tashi. Washegari tun da hantsi Auta ta hau, ta kunna akwatin, ta zauna tana duba abin da ke ciki da idon baƙo.

Sai da ta dafe kai.

Zagaye ɗari shida da wani abu, a zube kamar kayan da aka kwashe daga gidan da ruwa ya ci. Sunayensu ma abin dariya: "sabo", "sabo na biyu", "sabo na gaskiya", "kar a taɓa". Gangar waƙa guda tana nan, bas ɗinta, wato sautin nan mai kauri, yana can wani lungu. Ita ba ta taɓa jin wahalar hakan ba, don yatsunta sun haddace komai, ko ido a rufe za ta kai hannu inda ya dace. Amma wani daban, ko shekara zai yi ba zai gane ba. Sai a lokacin ta fahimci abin da Yaya ya dogara da shi.

Ta ja tsaki, ta naɗe hannun riga.

Akwatin yana da shafuka da yawa, kowane shafi da nasa maɓallai goma sha shida. Ita ɗaki take kiran shafin. Ta yanke cewa kowace waƙa ta sami ɗakinta, kuma a jera ɗakunan yadda za a yi waƙoƙin a kan dandamali, ta farko a farko, ta ƙarshe a ƙarshe. A cikin kowane ɗaki kuma tsari ɗaya, ba sauyi. Layin ƙasa na ganguna ne. Na samansa bas. Na uku piyano da sarewa. Layin sama kuwa huɗu ne tak: na shiga, na juyi, na jira idan mawaƙi ya tsaya yana magana da jama'a, sai na rufewa a kusurwar dama.

Faɗa ne mai sauƙi. Yi kuwa, sai da ya cinye mata mako uku.

Kowane zagaye sai ta saurare shi ta datse bakinsa, yadda idan jelarsa ta dawo ta haɗu da kansa ba za a ji tuntuɓe ba. Wani sai ta yanke shi sau goma kafin ya zauna. Ta daidaita ƙarfinsu don kada wani ya shigo ya danne sauran. Ta ɗaure 'yan layi ɗaya da juna, idan wannan ganga ta shigo waccan ta yi shiru da kanta. Ta goge fiye da ɗari uku, wasu tana gogewa tana jin kamar tsofaffin hotuna take yagawa. Daga ƙarshe ta sayo salatif kala huɗu, ta yanka ƙanana ta liƙa a gefen kowane layi, ta rubuta da alƙalamin maka, ta zuba sabon tsarin a sabon katin memori.

Mai Tabarau yakan biyo da rana idan ya sami sarari, ya tsaya a ƙasa wajen tayoyi, don ya ce ba zai hau inda ba a gayyace shi ba. Dama ta dalilin akwatin suka haɗu, ɗan allonsa mai kamar kwalin ashana ne ya gajiyar da idonta har ta je asibiti. Wata rana ya kawo mata maganin ɗigawa, ya tarar ta sauko fuska a murtuke.

Ta ce masa haƙurinsa ya fara ba ta haushi. An kira shi maƙaryaci, an sa shi zube takardu a ƙasa kamar wanda aka kama, amma shi kullum sai murmushi.

Ya juya kwalbar maganin a hannu. Can ya ce, "Kina tsammanin bai yi min ciwo ba? Ranar da na fita daga gidanku, sai da na yi rabin awa a mota ban iya tayar da ita ba. Amma idan na yi fushi na tafi, wa na hukunta? Ni da ke."

Ta kawar da kai don kada ya ga idonta.

A gida kuma Mama ce. Ba ta faɗa, ba ta zagi, kuka kawai take yi, wanda ya fi faɗan zafi. Kullum sai ta tuna wa Auta cewa da muryar Yaya aka rufa musu asiri bayan rasuwar mahaifinsu, da ita aka yi mata karatu, da ita aka gyara rufin ɗakin nan da suke ciki. Ta ce ita ba ta ƙi Mai Tabarau ba, yaro ne mai kunya, amma me Dogo ya rasa?

Auta ta ce Dogo bai rasa komai ba, sai dai ita ba ladan aiki ba ce da za a miƙa wa wanda ya fi daɗewa a ƙungiya. Ta ce shekara tara tana bayan Yaya, ko sunanta ba a taɓa ambata a makirufo ba, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Abu ɗaya ta nema a rayuwarta, shi ne aka shafa wa baƙin fenti. Suka yi ta kuka su biyu, kowa a gefen gadonta, ba wadda ta rarrashi wata.

Shi kuwa Dogo, ya ba ta mamaki.

Ta shiga koya masa da shirin kama shi yana ha'inci. Ta zuba ido ta ga ranar da zai fara cewa ya manta, ko kansa na ciwo. Ranar ba ta zo ba. Kullum yana riga ta zuwa, ya jingine jitarsa a bango, ya sunkuya da tsawonsa a kan akwatin yana ƙirga huɗu-huɗu a ƙasan maƙoshi. A mako na biyu ya daina kallon salatif. A na uku ya yi waƙoƙi goma sha biyu a jere ba kuskure ko ɗaya.

Yaya ne ya ƙi zuwa gwaji. Yau baƙi, gobe mura. Sau ɗaya ya leƙo, suka ɗauki waƙa, kafin a kai rabi kiɗan ya bar shi a baya. Ya jefar da makirufo ya hau Dogo da faɗa wai yana gudu. Auta ta ce akwati ba ya gudu, saurin da aka sa masa shi yake bi. Yaya ya watsa mata wani kallo, ya ɗauki mukullin motarsa ya fice. Ta ɗauka neman dalili ne irin nasa.

Ranar wasa ta isa zauren da ƙarfe biyu da rabi, ba don komai ba sai don ta duba wayoyi ta koma cikin jama'a ta zauna. Ma'aikata suna jera kujeru, mutanen rediyo suna ja da igiyoyinsu a gefen dandamali. Ta hau ta nufi teburin akwati.

Tun daga nesa ta ga babu kala.

An ɓare salatif ɗin kaf, sai tabon gam. Ta kunna akwatin. Allon ya haska, ya nuna mata "sabo na gaskiya". Tsohon kati ne a ciki.

Ba ta san lokacin da ta isa bayan labule ba. Dogo yana zaune a kan akwatin sifika, kai a sunkuye. Ta tsaya a kansa ta zazzage masa duk abin da ke bakinta. Ta ce ashe duk ladabin nan na munafunci ne, ya bari sai ranar ƙarshe don kada a sami lokacin gyara. Ta ce ko maza sun ƙare a duniya ba za ta aure shi ba.

Bai katse ta ba. Da ta gama ya ɗago, idonsa jawur.

"Injiniya," haka 'yan ƙungiya ke kiranta, "ina sonki, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma matar da aka kulle wa ƙofa aka miƙo min mukulli, me zan yi da ita? Da niyyar in yi wasan nan na zo. Ki tambayi Oga, yayanki, shi ya riga kowa shigowa."

Kunya ta kama ta, amma fushin ya fi ƙarfin kunyar. Ta ce ya yafe mata, ta wuce.

Yaya yana ɗakin sauya kaya, ya sa farar rigarsa ta wasa, yana zaune gaban madubi ba ya kallon komai. Ta shiga ta rufe ƙofa.

"Ina katina?"

Bai musa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da shi, ɗan ƙaramin abu kamar farce, ya ajiye a kan tebur.

Wannan ya ƙara tunzura ta. Ta tambaye shi wane irin ɗan'uwa ne shi. Ya yi wa mutumin kirki ƙazafi ta yi shiru, ya kafa sharaɗi ta karɓa, ta kashe idonta mako shida a kan allon nan, yanzu kuma da ya ga za ta tsallake sai ya koma sata kamar ƙaramin yaro. Ta ce in kuɗi yake tsoron rasawa ya faɗa, in suna ne ya faɗa. Hawaye na zuba tana sharewa da bayan hannu, don ba ta so ya ɗauka na rauni ne.

Ya bar ta ta kai aya. Sannan ya ce, a hankali, "Zagayo nan. Ta hagu. Yi min magana."

Ta tsaya turus.

"Ba zan ji ba," ya ce. "Shekara biyu ke nan. Kunnen damar ma ya fara, kamar an toshe da auduga. Likita ya ce ba ya dawowa."

Auta ta nemi bango ta jingina.

Ya ci gaba da magana yana kallon tebur. Ya ce idan sifiku suka tashi, jama'a suka ɗauki ihu, shi ba ya rarrabe ganga da bas, wani ruri kawai yake ji. Ya daɗe da daina bin kiɗa. Kiɗan ne ke bin sa. Idan ya makara ita ke jinkirta juyi, idan ya yi gaba ita ke tsallake zagaye ta tarye shi, tana kallon kafaɗarsa da yadda yake jan numfashi, ba ta ma san tana yi ba. Dogo kuwa daidai yake dannawa, yadda aka koya masa, kuma daidai ɗin nan ne zai kashe shi.

"Ga katin nan. Ki kai masa. Ki je ki zauna kusa da Baffa ki kalli yadda zan watse a rediyo, gari duk yana ji. Kin ci sharaɗi, wasa ba hannunki. Ni ban ce sai ya yi kyau ba."

Ya sa fuska a tafin hannu. Ba ta taɓa ganin Yaya yana kuka ba, ko ranar da aka fita da mahaifinsu.

Tausayi ya taso mata. Amma da ta tuna Mai Tabarau zaune a ƙasa yana miƙa takardu, sai tausayin ya tsaya inda yake.

"Shekara biyu, Yaya. Ciki ɗaya muka fito. Da ka kira ni ka ce Auta kunnena ya tafi, wallahi da ni zan fara cewa a ɗaga auren har mu sami dabara. Da na koya wa Dogo kallon kafaɗarka maimakon ƙirga huɗu. Amma ka gwammace ka ɓata sunan mutumin da bai taɓa yi maka komai ba, da ka ce kana da rauni. Aikinsa fa ka taɓa. Da maganar ta fita, wa zai sake ba shi idonsa?"

Ya ce tsoro ne. Mawaƙin da aka san kurma ne, wa zai sake gayyatarsa?

Ta ce shi ma Mai Tabarau yana da abin tsoro, ita ma haka, ba su taka kowa ba.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka ce saura minti ashirin. Auta ta ɗauki katin ta juya shi a tafin hannunta.

"Zan hau," ta ce. "Ba zan bari a yi maka dariya ba. Amma kafin in danna ko maɓalli ɗaya, sai ka je ka gaya wa Baffa cewa ƙarya ka yi. Zancen kunne naka ne, ka faɗa ko ka bari. Ƙaryar ce tawa."

Ya ce bayan wasa.

Ta ce kafin.

Bai je ba. Tana leƙe ta gefen labule har lokaci ya cika. Baffa yana layin gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Mama a gefensa, Mai Tabarau can ƙarshen layin ya bar kujera biyu tsakaninsa da su. Yaya bai fito daga ɗaki ba sai da mai gabatarwa ya kira shi. Ya san ƙanwarsa. Ya san ba ta taɓa barinsa a tsaye ba.

Da Baffa ya ga Auta ta zauna bayan akwati, Dogo kuma ya rataya jita, sai ya girgiza kai. Mai Tabarau ya sunkuyar da nasa.

Zauren ya cika maƙil. Yaya ya gaisa da jama'a, ya yi barkwancinsa, aka yi dariya. Sannan ya ɗaga hannun dama ya sauke, alamar da suka saba tun tana 'yar shekara goma sha tara.

Shiru.

Auta ta naɗe hannuwanta a ƙirji.

Ya sake ɗaga hannu. Ya waiwayo. Ta dube shi ido cikin ido. Yatsunta har ƙaiƙayi suke yi, ga maɓallin shiga nan a kusurwar hagu yana haske. Mutumin rediyo ya cire abin kunnensa yana yi mata alama da hannu biyu. Wani daga baya ya yi fito. Aka fara gunaguni.

Ba ta motsa ba.

Ba ta san ko daƙiƙa nawa aka yi ba. Ta dai ga kafaɗar Yaya ta sauka. Ya mayar da makirufo kan sandarsa, ya bi matakala uku ya sauka, ya je gaban Baffa ya durƙusa da farar rigarsa a kan siminti.

Jama'a suka ɗauka girmama dattijo ne, suka kaure da tafi. Auta ba ta ji abin da ya faɗa ba. Ta dai ga fuskar Baffa ta sauya, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya juya a hankali ya dubi ƙarshen layi. Ta ga Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Maganar ta yi tsawo fiye da yadda ƙarya ɗaya ke buƙata, kuma ta ga Yaya ya kai yatsa ya taɓa kunnensa na hagu.

Da ya dawo ya ɗauki makirufo, bai kalle ta ba. Ya ɗaga hannu.

Ganga ta shigo kafin hannun ya gama sauka.

Waɗanda suka je sun ce ba su taɓa jin ƙungiyar ta yi wasa irin na ranar ba. Auta ba za ta iya shaida ba, don awa biyu ta yi idonta a kan kafaɗa ɗaya, hawaye na sauka a kan roba tana gogewa da gefen hannu. A waƙa ta biyar ta lura Dogo ya daina kallon jitarsa, shi ma kafaɗar yake kallo.

Bayan an watse, rana ta yi sanyi, ma'aikata suna tattara kujeru, Baffa ya ce a kira masa kowa. Suka taru a gindin dandamali. Ya daɗe yana goge tabarau kafin ya yi magana. Ya ce shi ya tsufa bai taɓa wulaƙanta baƙo a falonsa ba sai a kan maganar ɗan da ya yarda da shi. Ya dubi Mai Tabarau ya ce ya yafe masa, sharaɗi kuma babu shi, ya turo manyansa ranar da ya ga dama.

Mai Tabarau ya durƙusa ya yi godiya. Amma bai tashi ba.

"Baffa, akwai abin da ban faɗa ba, ko ita ban gaya wa ba. Maganar takardun nan ta kai kunnen mahaifina. Ya ce shi ba zai taka gidan da aka kira ɗansa ɗan damfara ba, sai wanda ya faɗa ya zo har ɗakinsa ya janye da bakinsa. Mako biyar ina roƙonsa. Ya rantse."

Auta ta juya ta dube shi. Wato duk ranakun da yake tsayawa wajen tayoyi yana murmushi, da wannan yake yawo a ciki.

Kowa ya juya ya dubi Yaya. Mama ta buɗe baki za ta ce wani abu, Baffa ya ɗaga mata hannu.

Yaya yana tsaye, rigarsa ta jiƙe da gumi, gwiwar wandonsa da ƙurar siminti. Bai ji duka ba. Ya juyo da kunnen dama ya ce a maimaita. Babu wanda ya iya. Auta ce ta zagaya ta tsaya a damansa, ta faɗa masa kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba.

Ya dubi Mai Tabarau, karo na farko tun da suka san juna.

"Mahaifin naka, da safe ake samunsa ko da yamma?"

"Da safe."

Yaya ya gyaɗa kai. Ya juyo wajen ƙanwarsa kamar mai neman ta ce wani abu mai daɗi. Ita kuwa ta riga ta sunkuya tana naɗe wayar akwati a gwiwar hannu.

"Ƙarfe takwas," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ni zan tuƙa ka. Kuma kada ka yi min magana a hanya, ban huce ba."